Littafin Zane Mai Shafi 120

4 ga Maris

Yau na buɗe littafin. Falle 60 ne, wato shafi 120. Girmansa bai wuce tafin hannu biyu a haɗe ba, kuma bangonsa na da tauri yadda zan iya ɗora shi a gwiwa in yi aiki ba tare da tebur ba. Niyyata in cika shi da abin da idona ke faɗawa kai kullum: tsiro, tsuntsu, ƙwaro, kofin da ke gabana. Na gindaya wa kaina sharuɗɗa uku. Kowane shafi zai ɗauki kwanan wata da lokaci. Ba zan yage falle ko ɗaya ba, komai muninsa. Kuma ba zan kwafa daga hoto ba, sai abin da yake gabana.

Kayan aikin ba su da yawa: fensir uku, HB da 2B da 6B, sai magogi, da reza ta feƙe fensir, da ƙaramar rula. Shafin farko ya yi mini kwarjini. Na fi minti goma riƙe da fensir ban ja layi ba, daga ƙarshe na tsallake shi har da na biyu, na fara daga na uku.

Ina son wani abu da zai riƙa sauyawa kowace rana, don ya tilasta mini dawowa. Shi ya sa na ɗauko ƙwayar wake takwas. Uku na binne a tukunyar shuka, biyar na jera a cikin kwalba, tsakanin gilashi da jiƙaƙƙiyar takarda, yadda zan ga abin da ƙasa ke ɓoyewa. Kafin in jiƙa su na zana ɗaya, na ninka girmanta sau huɗu. Tun ina yaro nake riƙe wake a hannu, amma sai yau na lura cewa a gefen cibiyarsa, wurin da yake maƙale da kwanso, akwai wata 'yar ƙofa kamar hudar allura. Na sa mata kibiya, na rubuta: "Mece ce wannan?"

7 ga Maris

Na samu amsa. Ta gefen wannan hudar saiwa ta fito, fara, mai tsini. Ƙwayoyin biyar kowace da inda ta fuskanta, wata cibiyarta na kallon sama, wata gefe, amma saiwowin duk sun lanƙwasa sun nufi ƙasa. Wadda ta fito ta sama sai da ta yi kwana kamar ƙugiya. Na zana su biyar a jere, minti 20.

11 ga Maris

Na yi kuskuren da nake ganin zai zama darasin littafin nan gaba ɗaya, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Da safe na ga ƙasar tukunya ta tsage, kore ya leƙo. Na zauna na zana tsiro miƙaƙƙe da ganye biyu a kansa, a buɗe kamar hannun mai addu'a. Zanen ya yi kyau. Da na ɗago kai don in ƙara inuwa, sai na ga babu abin da ya haɗa shi da abin da ke cikin tukunyar. Abin da ya fito daga ƙasa kara ne a lanƙwashe, gwiwarsa ce a sama, kansa kuma har yanzu yana binne. Tsiron da baya yake fitowa: yana tura ƙasa da wannan lanƙwasar, yana jan kansa a hankali, don kada lallausan tohon da ke tsakiya ya goge da tsakuwa. Abin da na kira ganye biyu kuwa, ɓari biyu ne na ƙwayar kanta, masu kauri, ɓawon ma bai gama sulluɓewa daga kansu ba.

To daga ina na samo wancan tsiron na farko? Daga kaina. Hoton tsiro ne da na haddace tun a aji, hannuna ya zuba shi a takarda alhali idona a buɗe yake yana kallon wani abu dabam. Wannan ya girgiza ni fiye da yadda na zata. Ban goge shi ba. Na ja layi a ƙarƙashinsa, na zana na gaskiyar a gefe, na rubuta awo: tsawon lanƙwasar daga ƙasa milimita 14, ƙarfe 7:10 na safe. Da yamma ƙarfe 6 kan ya fito, karan ya kusa miƙewa.

16 ga Maris

Tattabaru. Shafi huɗu na cika, babu ko ɗaya da ta yi kama da tsuntsu mai rai. Ba sa tsayawa. Kafin in gama kai, jiki ya juya. Na gane cewa dogon zane ba zai yiwu ba, sai na koma yin na daƙiƙa 20 zuwa 30: ƙwai ɗaya na jiki, ƙaramin da'ira na kai, layin baya zuwa jela. Idan ta motsa in bar shi haka in fara wani. Tsuntsu yakan koma tsayuwar da ya yi ɗazu, don haka na riƙa buɗe zane uku ko huɗu a lokaci guda, duk wanda ta komo wa sai in ƙara masa layi. Ƙafafun ne suka gagare ni. Duk yadda na sa su, sai tsuntsuwar ta yi kamar za ta kifa.

19 ga Maris

Na duba hoton ƙasusuwan tsuntsu a littafin ilimin halittu, don in fahimta kawai, ban kwafa ba. Ashe gaɓar nan da ke lanƙwasawa ta baya, wadda nake kira gwiwa, diddige ce. Gwiwar gaskiya tana can sama a jikin ciki, gashi ya rufe ta, kuma gaba take kallo kamar tamu. Abin da nake ɗauka ƙwauri, ƙashin tafin ƙafa ne da ya yi tsawo. Tsuntsu a kan yatsunsa yake tsaye, uku gaba, ɗaya baya.

Da na koma wurinsu da yamma sai ga shi a fili. Ina ganin tudun gwiwar yana motsi a ƙarƙashin gashin. Na matsar da ƙafafun zuwa ƙarƙashin tsakiyar nauyin jiki, nan take tsuntsuwar ta tsaya da ƙafarta a takarda. Mako guda da ya wuce na rubuta cewa abin da na sani ne ya rufe mini ido. Yau kuma wani sanin ne ya buɗe shi. Ina ganin bambancin shi ne, na farkon ya sa na daina kallo, na biyun ya nuna mini inda zan kalla.

25 ga Maris

Kowa ya san tattabara tana kaɗa kai gaba da baya idan tana tafiya. Na karanta cewa kan ba ya komawa baya ko kaɗan: tana jefa shi gaba, ta tsayar da shi cak a wuri ɗaya, jiki ya taho ya iske shi, sannan ta sake jefawa. Wani masani a Kanada, Barrie Frost, ya gwada wannan a 1978. Ya ɗora tattabaru a kan injin tafiya mai bel, inda suke taku amma abin da ke kewaye da su bai motsa ba, sai suka daina kaɗa kan. Wato tsayar da kan dabara ce ta ido, don abin da take kallo ya zauna daram na ɗan lokaci.

Gani ya kori ji. Na zauna inda wata ke wucewa ta gaban bango mai layukan bulo, na sa ido a kan layi ɗaya. Kan ya tsaya daidai da layin, ƙirji ya matso, sannan kan ya yi tsalle zuwa gaba. Na zana taku ɗaya a matakai uku, da layin bulon a bayansu a matsayin ma'auni.

2 ga Afrilu

Matsalar kayan aiki. Shafukan da na yi da 6B sun shafa wa na kusa da su baƙi, zanen ƙwayar wake na shafi na uku ma ya fara dusashewa saboda gogayya. Dalilin yana cikin yadda ake yin bakin fensir. Babu dalma a cikinsa. Garin girafait ne, wani baƙin dutse mai laushi, da yumɓu ake cuɗawa a gasa, dabarar da Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a Faransa a 1795, lokacin da yaƙi ya yanke musu girafait mai kyau da ke zuwa daga Ingila. Idan yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri da haske, su ne masu H. Idan girafait ya rinjaya ya yi laushi da duhu, su ne masu B, kuma su ne ke zuba. Na yanka siraran takardu na saka tsakanin shafukan masu duhu. Daga yau 6B sai inda ake bukatar baƙi ƙirin.

Na kuma ajiye magogi a aljihun tebur. Na lura rabin lokacina a goge-goge yake tafiya, kuma layin da na goge shi ne yake nuna mini inda na kauce. In ya yi kuskure, in ja na daidai a gefensa.

9 ga Afrilu

Waken tukunya ya kai santimita 46. Abubuwa uku na rubuta a shafukan makon nan. Ganyen farko guda biyu kowane falle ɗaya ne, suna fuskantar juna, amma duk waɗanda suka biyo baya uku-uku suke a kan sanda ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya suke fitowa a jikin kara. 'Yan ganyen gefe biyu ba su daidaita ba, ɓangaren waje ya fi na ciki faɗi, abin da hannuna ke ta ƙoƙarin gyarawa da kansa.

Na biyu, ganyen suna barci. Ƙarfe 9 na dare na haska fitila na iske sun sunkuya ƙasa, da safe sun miƙe sun shimfiɗu. Na zana ganye guda a lokutan biyu.

Na uku shi ne naɗewa. Kan karan yana yawo a iska yana neman abin kamawa, da ya sami sandar da na kafa sai ya hau ta. In ka leƙa daga sama, saɓanin tafiyar hannun agogo yake zagayawa. In ka duba daga gefe, duk inda karan ya gitta ta gaban sanda daga hagu yake tashi zuwa dama, kamar zaren sukuru. A zanena na farko na juya zagaye ɗaya ba tare da na sani ba, abin da tsiron ba zai taɓa yi ba. Na gwada warware kan a hankali na naɗa shi ta ɗaya hannun. Washegari ya kwance kansa ya koma yadda yake so.

24 ga Afrilu

Kwana 14 ban taɓa littafin ba. Aiki ya yi yawa, sannan na kwanta rashin lafiya na kwana huɗu, daga nan kuma sai nauyin komawa ya kama ni. Na rubuta kwanakin da suka wuce a layi ɗaya a saman shafi, na ja musu layi. Waken bai jira ni ba, ya wuce kan sandar, kuma abin da ya yi a waɗannan kwanakin ya tafi ke nan, babu shi a littafin. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Don hannu ya warware na zana kofi. Bakinsa na yi shi a buɗe fiye da yadda yake a ido, don kai ya san da'ira ne. Gindinsa kuma na ja shi a miƙe, don kai ya san tebur a shimfiɗe yake. Na miƙa hannu da fensir, na rufe ido ɗaya na auna: faɗin bakin daga hagu zuwa dama ya ninka na gaba zuwa baya sau huɗu, gindin kuma ya fi bakin lanƙwasa. Bayan kofi na yi makulli, da takalmi ɗaya da ya kwanta a gefensa.

28 ga Afrilu

Akwai wani zane da na daɗe ina ƙauna, na Albrecht Dürer, mai zanen Jamus, wanda ya yi a 1503 da fentin ruwa. Ba komai a ciki sai guntun ƙasa da ciyayi, irin waɗanda ake takawa a wuce. Ya sauko da idonsa daidai da ƙasa, ya ba kowane kara hakkinsa, har masana tsirrai suna iya faɗin sunan kowace ciyawa da ke ciki. Shekara fiye da 500 ke nan, zanen yana nan a ajiye a Ostiriya.

Yau na gwada irin nawa. Na sami inda ciyawa ta fito a tsagar siminti, faɗinta bai fi taki ɗaya ba, na shimfiɗa kwali na kwanta rub da ciki. Minti goman farko ban ga komai ba sai kore a cakuɗe. Sai na fara ƙirga. Iri shida ne a wurin. Biyu masu dogon ganye ne da jijiyoyinsu ke tafiya a jere daga gindi zuwa tsini ba sa haɗuwa, kuma gindin ganyen ya rungume kara kamar kube. Sauran huɗun masu faɗin ganye ne, jijiyoyinsu sun rarrabu kamar raga. Ɗaya tana da gashi a kara, ɗaya ta kwanta tana sa saiwa a kowace gaɓa, ɗaya kuma furenta bai kai kan ashana ba amma da na matso sai na ga a cike yake da komai nasa.

Wahalar ita ce inda ganye ya bi ta bayan wani ya sake ɓullowa. Ido yakan ɓata, layin ya fito a inda bai kamata ba. Abin da ya cece ni shi ne na daina zana ganyen, na koma zana ramukan da ke tsakaninsu: wannan mai kusurwa uku, wancan siriri kamar tsinke. Ramin ba shi da suna, don haka kaina ba shi da hotonsa a ajiye da zai ba hannuna. Dole in kalla. Da ramukan suka zauna daidai, sai ganyen suka fito da kansu.

Awa biyu da kwata, kuma kashi ɗaya cikin uku kawai na gama. Wuyana ya ƙage. Shi ne shafin da na fi so zuwa yanzu.

3 ga Mayu

Fure ya buɗe, kwana 60 cif daga shuka. Fallensa biyar ne: babba ɗaya a tsaye a baya, biyu a gefe kamar fukafukai, biyu kuma sun manne a ƙasa kamar ƙaramin kwalekwale. Launin ya sa na ɗauko fentin ruwa a karon farko. Takardar ba ta ɗauka ba. Nauyinta giram 120 ne a murabba'in mita, ya fi na takardar ofis mai 80, amma ta fentin ruwa takan kai 300. Shafin ya kumbura ya yi tudu da kwari, launin ya taru a kwarin. Kuma da ya bushe ya yi haske fiye da yadda na shafa shi. A littafin nan dai fenti sai ɗan kaɗan, da buroshi mai ɗan danshi. Na yi 'yan murabba'ai na launi a gefen shafi, na rubuta abin da na haɗa a ƙarƙashin kowane.

8 ga Mayu

Darɓa ta sauka a kan sabon toho, ƙananan ƙwari a cunkushe suna tsotsar ruwan tsiron, ga tururuwa tana hawa da sauka a kansu. Da gilashin ƙara girma na ga abin da ke gudana. Tururuwar tana shafa bayan ƙwaron da 'yan ƙahoninta, shi kuma ya fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi, ta shanye. Kiwo take yi. Ban fesa komai ba, na datse toho ɗaya da abin ya fi yawa na bar sauran.

Ƙafafun tururuwa shida duk daga gaɓar tsakiya suke fitowa, babu ko ɗaya a jikin babban cikin na baya. Ƙahonin kuma suna da gwiwa, ba a miƙe suke ba.

13 ga Mayu

Kyanwa tana barci a naɗe, abin da ya fi sauƙin zanawa cikin masu rai. 'Yar yayata, mai shekara bakwai, ta tsaya a kaina tana kallo.

"Kawu, ina ɗaya kunnen?"

Na ce, "Ta kwanta a kansa, 'yata. Zo nan ki duba, kina ganinsa?"

Ta duƙa ta duba, ta ce ba ta gani, amma ai yana nan. Ta karɓi fensir ta zana tata a wata takarda: kunne biyu, ido biyu, ƙafa huɗu, jela, gashin baki, babu abin da ta rage wa kyanwar. Na daɗe ina kallon zanen nan. Ita ta zana duk abin da kyanwa ta mallaka, ni na zana abin da ya bayyana daga inda nake zaune da ƙarfe 4 na yamma. Ban ce mata ta yi kuskure ba, don ba ta yi ba. Na roƙe ta, ta ba ni, na manna shi a shafi na 71 kusa da nawa.

Da kyanwar ta tashi ta taka ruwa ta bi ta kan siminti. Sawun ya yi kamar na mai ƙafa biyu, domin ƙafar baya tana sauka a daidai inda ta gaba ta tashi. Ita ma a kan yatsu take tafiya, diddigenta a sama, kamar tattabara.

15 ga Mayu

Na ga huji a ganyen wake da 'yan baƙaƙen kashi a ƙasa, na juya ganyen na sami mai aikin: tsutsa kore, tsawonta santimita biyu, launinta ya saje da jijiyar ganye. Na sa ta a kwalba da ganye, na rufe da yadi mai huji.

Wadda ta sa ni wannan ita ce Maria Sibylla Merian. An haife ta a Jamus a 1647, ta fara kiwon tsutsar siliki tana da shekara 13, a zamanin da mutane da yawa suka ɗauka ƙwari daga taɓo suke fitowa. Ta riƙa ciyar da tsutsotsi tana zana kowane mataki har su zama masu fiffike. A 1699, tana da shekara 52, ta shiga jirgin ruwa da 'yarta zuwa Suriname a Kudancin Amurka, ta yi kusan shekara biyu tana wannan aiki, a 1705 ta fitar da littafi mai manyan zane 60. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta raba ƙwaro da tsiron da yake ci, har hujin da ya yi a ganye tana sa wa.

Na san cewa tsutsa irin wannan tana da ƙafafun gaske shida a gaba, da na nama masu kama ganye har biyar-biyar a baya. Haka na zana, biyar a kowane gefe. Da ta fara tafiya sai na ga tana tattaro bayanta zuwa gaba, tsakiyarta ta tashi kamar baka. Na sa gilashi na ƙirga: uku-uku ne, tsakiyar jikin babu ƙafa, shi ya sa take wannan tafiyar. Karatun da ya taimake ni a kan tattabara, yau shi ya sa na ƙara wa tsutsa ƙafa huɗu. Na bar kuskuren, na rubuta ƙirgen a gefe da manyan baƙi.

21 ga Mayu

Ta daina ci tun jiya. Yau ta lanƙwasa gefen ganye ta saƙa farin zare siriri a kanta, ana hango ta daga ciki.

1 ga Yuni

Ta fito da dare, ban ga fitowar ba. Na sa rai da malam-buɗe-littafi mai launi, sai na iske irin na dare, mai kaurin jiki, ruwan ƙasa, ya kwantar da fukafukansa kamar rufin ɗaki. Minti biyar na yi ina jin an rage mini wani abu. Da na kawo shi kusa da taga sai na ga ruwan ƙasar ba ɗaya ba ne, akwai mai duhu, akwai mai ƙyallin tagulla, ga tozon gashi a bayan kai, kuma a tsakiyar kowane fiffike akwai ɗigo biyu masu walƙiya kamar an ɗiga azurfa. Na zana shi a shafi ɗaya da tsutsar, da saƙar da ya bari, da ganyen mai huji. Da magariba na buɗe kwalbar.

6 ga Yuni

Na tashi kafin gari ya waye na tarar da gizo-gizo yana tsakiyar saƙa tsakanin sandar wake da bango. Ya riga ya kafa zaren da suka fito daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, na ƙirga 27. Daga tsakiya ya zagayo waje da zare mai faɗin tazara, wannan na wucin gadi ne. Sannan ya juyo daga waje yana komawa ciki da zare mai danƙo, a matse, yana cire na farkon yana tafe. Ƙafafunsa takwas duk a gaɓar gaba suke.

Yaya ake zana farin zare a farar takarda? Na shafe shafin da 6B har ya yi duhu, na fito da magogin da na ajiye tun watan Afrilu, na yanka shi da reza ya yi kaifi, na riƙa cire zaren daga cikin duhun. Saƙar ba ta daidaita ba, cibiyarta ta fi kusa da sama, ɓangaren ƙasa ya fi faɗi. Sau biyu hannuna ya so ya mai da ita tsakiya.

17 ga Yuni

Kwanson wake sun bushe, suna ƙara in an taɓa. Kwana 105 daga shuka. Na ɓare ɗaya a kan shafi na 118 na zana shi a buɗe, kowace ƙwaya a maƙale ta cibiyarta da ɗan guntun zare. Wannan ne asalin tabon da na gani ranar farko. Na buɗe shafi na uku na ajiye su gefe da gefe. Layin yanzu ya fi sauƙi, ba na danna fensir kamar da, kuma rubutun gefe ya ƙaru har wani shafin rubutu ya fi zane yawa.

Shafi biyun farko da na tsallake na mai da su jerin abin da ke ciki, da lambar shafi da kwanan wata. Da nake jerawa na ƙirga shafi 31 na wake, 22 na tattabaru. Cikin 22 ɗin nan babu ko ɗaya da tsuntsuwar take a sama. Na gwada sau da yawa, fiffiken yana fi ƙarfin idona, abin da nake samu a takarda hoton da na haddace ne. Na lura dai lokacin sauka tana rage gudu, ta buɗe jela, ta miƙo ƙafafu gaba, kuma wannan yakan ɗan daɗe yadda ido zai iya kamawa. Daga nan zan fara.

Sabon littafin takardarsa giram 200 ce, zai ɗauki fenti kaɗan. Na ware ƙwaya takwas daga kwanson yau. Shafi biyu suka rage a wannan, na bar su don gobe da safe, lokacin da tattabarun ke sauka a kan bango.